Darasin Lafiya: Ciwon Idon Da Ba A Gani Daga Waje

Gabatarwa

'Yan'uwa, a garuruwanmu na bakin kogin Haɗejiya mun saba da ciwon ido iri-iri. Mun san afolo da kwantsa. Mun san amodari mai juya gashin ido zuwa ciki. Mun san hakiya, mun kuma san yana wadda take rufe idon tsofaffi. Duk waɗannan, idan ka dubi mutum za ka ga alama, sai ka yarda cewa ba shi da lafiya.

Amma akwai wani ciwo dabam. Mutum zai ce yana ganin ƙudaje suna yawo a gabansa, alhali babu ƙuda a ɗakin. Wani zai ce yana ganin walƙiya da rani. Wata za ta ce kamar an ja mata baƙin labule a gefen ido ɗaya. Idan aka duba idon sai a gan shi fari tas, ba ja, ba hawaye, ba zafi. Daga nan sai magana ta rabu. Wani ya ce yunwa ce, wani ya ce gajiya, wani ya ce jifa aka yi masa. Mai ciwon ya shiga yawo daga kyamis zuwa mai magani, daga mai magani zuwa wani gari, kuɗi suna ƙarewa, kwanaki suna wucewa, amsa kuwa babu. Sau da yawa amsar tana can bayan ido, a wurin da ake kira retina.

Manufar wannan darasi

Muna so bayan mun yi nazarinsa tare, kowa ya san abubuwa huɗu: mene ne retina da aikinta, waɗanne alamu ne suke nuna tana cikin hatsari, wace alama ce ba a kwana da ita a gida, da kuma yadda za mu nemi amsa a wurin da ya dace. Zai yi kyau a karanta shi a taron zumuntar mata, da na maza, da na matasa, domin wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Yadda ido yake aiki

Yawancinmu mun taɓa kallon majigi a filin gari. Akan kafa farin ƙyalle, na'ura ta harba haske a kansa, sai hoto ya fito. Ko na'urar sabuwa ce, idan ƙyallen ya yage ko ya faɗi, kallo ya ƙare. Haka ido yake. Haske yana shiga ta gaba, ya bi ta ƙwayar ido, ya ratsa wani ruwa mai kauri kamar farin ƙwai wanda ya cika tsakiyar ido, sa'an nan ya sauka a kan wata fata siririya da take shimfiɗe a bangon baya. Wannan fata ita ce retina. Kaurinta bai wuce rabin milimita ba, amma tana da ƙwayoyin kama haske kimanin miliyan 100. Ita take mai da haske ya zama saƙo, jijiyar gani kuma ta kai saƙon ƙwaƙwalwa.

Tsakiyar retina ita ce muke karatu da ita, muke sa zare a allura, muke gane fuskar mutum. Gefenta kuwa shi ne yake nuna mana abin da yake zuwa daga dama ko hagu, shi ne kuma yake taimakonmu gani da dare.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mu riƙe. Na ɗaya, retina ba ta da jijiyar jin zafi. Tana iya yagewa ko ta zubar da jini mutum bai ji komai ba. Saboda haka rashin zafi ba shaidar lafiya ba ne. Na biyu, ba a ganinta da ido kawai ko da tocila. Sai a shekara ta 1851 ne wani masani ɗan Jamus mai suna Helmholtz ya bayyana madubin da ake leƙa bayan idon mai rai da shi. Har yau sai da irin wannan kayan aiki, a hannun wanda ya koya, ake ganinta.

Ƙudaje, walƙiya da labule

Yayin da mutum yake manyanta, musamman daga shekara 50 zuwa sama, ruwan nan mai kauri yakan tsinke ya janye daga jikin retina. Ɗan dattin da yake cikinsa sai ya riƙa yin inuwa. Inuwar ce muke gani kamar ƙuda, ko zare, ko saƙar gizo, tana bin ido duk inda ya juya. An fi ganinta idan aka dubi sararin sama ko farin bango. Idan ɗaya ce ko biyu, kuma ta daɗe ba ta ƙaru ba, yawanci ba ta da hatsari.

Hatsarin yana zuwa ne lokacin da ruwan yake janyewa ya fizgi retina. Fizgar ce mutum yake gani kamar walƙiya a gefen ido, an fi lura da ita cikin duhu. Cikin mutum 10 da waɗannan alamu suka zo musu farat ɗaya, akan sami kimanin 1 wanda retinarsa ta yage. Idan an gano yagewar da wuri, likita yakan ɗinke kewayenta da hasken leza ko da sanyi mai ƙarfi, cikin ɗan lokaci, mutum ya koma gida ran nan.

Idan ba a gano ba fa? Ku tuna da yaɓen katangar ƙasa lokacin damina. Ruwa yakan sami 'yar tsaga ya shiga bayan yaɓen, a hankali yaɓen ya kumbura ya rabu da katanga. Haka ruwan ido yake bi ta yagewar ya shiga bayan retina ya ɗaga ta daga bangonta. Wannan shi ne ɓallewar retina. Mai ciwon zai ga inuwa ko labule ya taso daga gefe ɗaya, daga sama ko ƙasa, yana ci gaba zuwa tsakiya. Daga bangon nan ne ƙwayoyin kama haske suke samun abinci. Dashen shinkafa da aka cire aka bari a kan kunya, kowa ya san ba ya daɗewa. Idan an yi aiki kafin labulen ya kai tsakiya, yawanci gani yakan tsira. Idan ya kai tsakiya ya yi makonni ko watanni, ko an mai da retina wurinta gani ba ya komawa kamar da.

Wannan ciwo yakan sami kimanin mutum 1 cikin 10,000 a shekara. Ya fi kama waɗanda ba sa ganin nesa sai da tabarau mai kauri, da waɗanda aka yi wa aikin yana, da wanda ya taɓa buguwa a ido, ko da sanda, ko da dutsen gwafa, ko ƙahon saniya, ko hatsarin babur. Wanda ya taɓa yinsa a ido ɗaya, ko wani a gidansu ya yi, shi ma sai ya lura.

A da, wanda retinarsa ta ɓalle ya makance ke nan. Wani likita a Suwizalan mai suna Jules Gonin ne ya nuna cewa yagewar ita ce tushen ciwon, idan an toshe ta retina takan koma ta kwanta. A taron likitocin ido na 1929 a Amsadam ne duniya ta karɓi maganarsa. A yau, cikin ido 10 da aka yi wa aiki, 8 zuwa 9 sukan kwanta da aiki ɗaya. Magani akwai. Abin da yake cutar mu shi ne jinkiri.

Sukari, hawan jini da sikila

Retina tana cike da ƙananan jijiyoyin jini, kamar magudanan da suke raba ruwa a gonakin rani na Auyo. Idan magudana ta fashe gona ta cika da ruwa, idan ta toshe gona ta bushe.

Ciwon sukari yakan raunana waɗannan jijiyoyi a hankali cikin shekaru. Sukan yi yoyo, tsakiyar retina ta kumbura, rubutu ya riƙa dushewa, layi madaidaici ya zama kamar ya karkace. Daga baya waɗansu sababbin jijiyoyi marasa ƙarfi sukan tsiro su fashe, jini ya cika ido, mutum ya tashi da safe yana ganin hayaƙi baƙi ko ja. Bincike a ƙasashe da yawa ya nuna cewa aƙalla 1 cikin 5 na masu sukari ciwon ya riga ya taɓa retinarsu, da yawansu kuma ba su sani ba domin suna gani lafiya. Shi ya sa ake so kowane mai sukari a duba bayan idonsa sau ɗaya a shekara, ko yana gani garau. Mace mai sukari idan ta sami ciki ta je tun farkon cikin. Ana yin magani da leza, ko da allura a cikin ido, ko da aiki, amma babban magani shi ne kiyaye sukari da hawan jini.

Hawan jini kuwa yakan sa jijiya ta toshe. Mutum sai ya ga ido ɗaya ya dushe ko ya mutu farat ɗaya ba tare da zafi ba.

Sikila ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da AS, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar nan kowace shekara. Mun san ciwon ƙashi da ƙarancin jini, amma ba mu cika sanin cewa tana taɓa ido ba. Yadda kacala take toshe hanyar ruwa a fadamunmu, haka ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe suke toshe jijiyoyin gefen retina. Abin mamaki shi ne, mai SC, wanda jikinsa bai cika wahala kamar na mai SS ba, shi ne ya fi shiga hatsarin ido. Ana so a fara duba bayan idon yaro mai sikila daga shekara 10, a riƙa maimaitawa kowace shekara ɗaya ko biyu.

Akwai kuma magani mai lalata retina idan an daɗe ana shansa, wato kulorokwin. Tun 2005 Nijeriya ta daina sa shi a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya mai da shi abin sha duk lokacin da jikinsa ya yi nauyi, shekara da shekaru, ya daina, ya kuma gaya wa likitan ido.

Dundumi

Dundumi shi ne mutum ya gani da rana, amma da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe. Yana da manyan dalilai biyu, kuma ya kamata mu raba su.

Na farko rashin bitamin A ne. Ya fi kama yara ƙanana, musamman bayan ƙyanda ko gudawa, da mata masu ciki. Wannan yana warkewa. Ana samun bitamin A a hanta, ƙwai, madara, man ja, zogale, alayyafo, kabewa, karas, gwanda da mangwaro. Ana kuma ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 sau biyu a shekara a asibiti kyauta. Yaron da ya fara dundumi a kai shi asibiti cikin gaggawa, domin gaban idonsa yana iya lalacewa. Mai ciki kada ta sha irin ƙwayar da ake ba yara, ƙarfinta yana iya cutar da abin da yake cikinta. Ma'aikacin lafiya zai ba ta daidai nata.

Na biyu gado ne. Ƙwayoyin gefen retina sukan mutu a hankali. Yakan fara tun mutum yana yaro ko saurayi, gani yana ƙanƙancewa shekara bayan shekara har ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Yakan sami kimanin mutum 1 cikin 4,000, ya kuma fi fitowa inda ake auren zumunci. Cin hanta ba ya warkar da shi. A 2017 an amince da wani magani a Amurka, amma na iri ɗaya ne tak cikin ire-irensa masu yawa, yana kuma da tsada ƙwarai. Ga sauran, har yanzu babu maganin warkarwa. Duk wanda ya ce a kawo akuya ko kuɗi zai warkar da shi, cin kuɗi ne.

Farin abu a idon yaro

Iyaye mata, wannan naku ne musamman. Idan kin ga tsakiyar idon jaririnki ko yaron da bai kai shekara 5 ba yana ƙyalli fari kamar idon kyanwa da dare, ko ya fito fari a hoton waya, ko idon ya fara harara garke ba dalili, kada ki jira. Yana iya zama yana, yana kuma iya zama kansar retina. Tana samun kimanin jariri 1 cikin 15,000 zuwa 20,000. A ƙasashe masu arziki fiye da yara 9 cikin 10 suna rayuwa. A ƙasashe matalauta kusan 6 cikin 10 ne kawai, domin akan kawo su bayan ido ya kumbura ya fito waje. Wani lokaci likita zai ce sai an cire idon domin a ceci ran yaron. Magana ce mai nauyi, iyaye da yawa sukan gudu da yaron gida. Ya kamata dattawa su tsaya tare da irin waɗannan iyaye. Yaro mai ido ɗaya zai yi makaranta, ya yi noma, ya yi aure.

Alamun da tushensu ba a ido yake ba

Mace mai ciki da take ganin taurari ko dishi-dishi, ga ciwon kai, ga kumburin fuska da hannu, wannan hawan jinin masu ciki ne, jijjiga tana iya biyo baya. A kai ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Idan ido ɗaya ya yi duhu na 'yan mintoci sa'an nan ya dawo, kada a ce ai ya wuce. Yana iya zama gargaɗin shanyewar ɓarin jiki. A je asibiti ran nan.

Akwai kuma masu ganin haske mai zigizaga yana rawa a ido biyu na minti 20 ko 30, ya wuce, ciwon ɓarin kai ya biyo baya. Wannan yawanci ba shi da hatsari, amma idan karo na farko ne a bari likita ya tabbatar.

Me ya sa mukan yi ta yawo babu amsa?

Dalili na farko, ido ɗaya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Mutum yana iya rasa rabin ganin idon hagu bai sani ba, sai ran da ƙura ta shiga na dama.

Na biyu, mukan fara da kyamis. Maganin ɗigawa na kanti ba ya gyara retina da ta yage. Waɗansu irinsu ma, idan an daɗe ana ɗiga su, sukan jawo hawan jinin ido da yana. Ruwan albasa, nonon mace, fitsari, ruwan sukari da garin itatuwa ba sa kaiwa bayan ido, sai dai su ƙone gabansa.

Na uku, duk dushewar ido mukan ce yana ce, mu ce a bari ta nuna. Gaskiya ne yana ce ta fi makantar da mutane. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007, wanda ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya sami kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. Yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Binciken ya ce kashi 84 cikin 100 na makantar da an iya hana ta ko warkar da ita. Amma retina ba ta nuna kamar mangwaro. Mai jira ta nuna yana jiran makanta ne. Mu kuma guji masu yawo gari-gari suna kwantar da yana da tsinke. Wannan bincike ya sami kusan kashi uku cikin huɗu na idanun da aka kwantar wa yana ba sa gani.

Na huɗu, tsoro da zargi. Wanda yake ganin abin da wasu ba sa gani yakan yi shiru kada a ce ya taɓu ko iska ta shige shi. Wani kuma sai ya zargi maƙwabci ko kishiyar uwa. Ciwon yana da dalili a jiki, likita kuma yana iya ganinsa da idonsa. Mu yi wa mai ciwo addu'a, mu kuma sa shi a mota ran nan. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Yadda za mu nemi amsa

Matambayi ba ya ɓata, in dai ya tambayi wanda ya san hanya.

Gwaji a gida. Sau ɗaya a mako, rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba. Dubi bakin ƙofa ko layin rubutu. Ya miƙe ko ya karkace? Akwai wurin da ya ɓace? Tsai da ido a wuri ɗaya, ka miƙa hannu gefe ka motsa yatsu sama, ƙasa, dama da hagu. Kana ganinsu? Sai ka sake da ɗaya idon.

Alamun da ba a kwana da su. Ƙudaje masu yawa da suka zo farat ɗaya. Sabuwar walƙiya. Labule ko inuwa a gefe. Dushewa ko mutuwar ido farat ɗaya. Buguwa a ido da gani ya canza bayanta. Mai ɗaya daga cikin waɗannan ya kama hanya yau, in dare ya yi gobe da sassafe.

Abin da za a gaya wa likita. Wane ido ne, yaushe ya fara, farat ɗaya ne ko a hankali, yana ƙaruwa ko yana nan yadda yake. A faɗi ko akwai sukari, hawan jini, sikila ko ciki. A tafi da kwalayen duk magungunan da ake sha ko ake ɗigawa, har da na gargajiya, kada a ɓoye. A faɗi ko akwai mai irin ciwon a dangi.

Abin da za a tarar. Karanta haruffa a bango da gwada tabarau bai isa ba. A roƙa a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido a duba baya. Maganin yakan sa ido ya dushe, haske ya dami mutum na wasu sa'o'i, saboda haka a je da ɗan rakiya, kada kuma a tuƙa babur. Wani lokaci za a ɗauki hoton bayan ido da na'ura. Ba a cire ido a wanke a mayar, kamar yadda ake ta faɗa a gari. Wannan magana ba gaskiya ba ce.

Tambayoyi ga likita. Mene ne sunan ciwon? A rubuta mini a takarda. Yana iya taɓa ɗaya idon? Kwana nawa nake da su kafin a yi aiki? A nan za a yi ko sai an tura ni? Nawa zan tanada? Yaushe zan dawo?

Inda za a je. A fara da babban asibiti mafi kusa mai sashen ido, kamar na Haɗejiya ko asibitin koyarwa na Dutse, a karɓi takardar turawa. Ba kowane asibiti ne yake aikin retina ba, domin yana bukatar ƙwararre da kayan aiki na musamman. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1943, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitin ido na Makkah. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Idan labule ya riga ya bayyana kuma babu likitan ido a kusa ran nan, kada a zauna jira, a wuce Kano kai tsaye.

Bayan aiki. Wani lokaci akan cika idon da iska ta musamman ko wani mai domin su danne retina. Likita zai faɗi yadda za a riƙa kwanciya ko sunkuyar da kai na wasu kwanaki. A bi maganarsa sosai. Mai iska a ido ba ya shiga jirgin sama sai likita ya yarda. Kada a koma noma, daka ko su sai an ba da izini, kada kuma a fasa ranar komawa asibiti don an ji sauƙi.

Idan amsar ba mai daɗi ba ce

Wani zai je a ce masa ganin wannan ido ba zai dawo ba. Ko wannan ma amsa ce mai amfani. Tana tsai da yawon da yake cinye buhunan shinkafar gida. Tana kawar da zargi tsakanin dangi. Tana ba da dama a tsare ɗaya idon, a kuma duba 'yan'uwansa. Wanda ganinsa ya ragu yana iya amfani da madubin ƙara girma, haske mai kyau, farar sanda, da wayar da take karanta rubutu da murya. Yaro makaho yana iya karatu. Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tana nan tun 1953. A watan Janairu na 2019 an sa hannu a dokar ƙasa da ta hana nuna bambanci ga naƙasassu. Kada mu mai da ɗan'uwanmu mai bara, ko mu bar shi a ɗaki shi kaɗai. Mai kiwon kaji, mai saƙar tabarma, mai waƙa a ƙungiyar mawaƙa, duk suna iya ci gaba da aikinsu.

Abin da za mu yi tare

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun ga yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yanke hanyoyi a ƙasar Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma, har waɗansu ƙauyuka sai da kwalekwale ake fita. Retina ba ta jiran ruwa ya janye, ba ta kuma jiran a sayar da amfanin gona. Saboda haka muna ba kowace ikkilisiya shawara kamar haka:

1. A ware asusun gaggawa na kuɗin mota da kati, ko da mudu ɗaya ne daga kowane gida lokacin kaka. A ba da rance nan take, a biya bayan girbi.

2. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda suka san hanyar Dutse da Kano, su zama 'yan rakiya. Su riƙe lambar direba da ta mai kwalekwale.

3. A ƙarfafa masu sukari, hawan jini da sikila su je duba ido sau ɗaya a shekara. A tafi ƙungiya da rani, lokacin da hanya take da kyau. Kada a tona asirin ciwon kowa a gaban jama'a.

4. A koya wa kowa gwajin rufe ido ɗaya. Alhamis ta biyu a watan Oktoba ita ce Ranar Gani ta Duniya, makon nan ya dace da tunawa da wannan darasi.

5. A kai saƙon ga dukan maƙwabta, Musulmi da Kirista, Fulanin ruga da masunta. Ciwon ido ba ya zaɓe.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane suna muke ba waɗannan alamu a garinmu, me kuma mutane suke cewa yana kawo su?

2. Idan mutum ya ga labule a idonsa, wa yake fara gaya wa? Kwana nawa yakan yi kafin ya ga likitan ido?

3. Mace tana iya tafiya asibiti da wuri idan maigidanta ba ya gari? Wa zai ba da izini da kuɗin mota?

4. Idan wannan ya sami ɗayanmu a watan Satumba hanya ta yanke, yaya za mu fitar da shi?

5. Su wane ne masu raunin gani a cikinmu, wane aiki kuma za mu ba su a cikin jama'a?

Kafin a tashi daga taro, bari kowa ya rufe ido ɗaya ya dubi bakin ƙofa, ya kuma sake da ɗayan. Duk wanda ya ga wani abu ba daidai ba ya tsaya ya yi magana da shugaban taro, a sa ranar tafiya asibiti kafin a watse.